Manhajojin Talla da Masu Gyaran Kwamfuta a Gabashin Sakkwato

Manhajar talla ita ce wadda ke samun mazauni a cikin kwamfuta ko waya don ta riƙa cusa wa mai na'urar tallace-tallacen da bai nema ba, wanda ya ƙirƙire ta kuma yana karɓar kuɗi a kan kowane tallan da ya bayyana ko aka danna. Danginta suna da yawa. Akwai mai sauya shafin farko na burauza ta kai mutum inda take so, akwai mai bibiyar shafukan da yake shiga ta sayar da bayanansa, akwai kuma mai zuwa da rigar likita ta ce kwamfuta tana fama da ɗaruruwan cututtuka, sai an biya kafin ta yi magani. Masana sun bambanta su da bairos na ainihi, domin yawancinsu ba sa lalata fayil, kuma sau da yawa mai kwamfutar ne ya danna amincewa da hannunsa bai karanta ba. A shagunan gyara na birnin Sakkwato da garuruwan gabashinsa, irin su Wurno da Rabah da Goronyo, ba a cika wannan rabe-raben ba. In kwamfuta ta yi nauyi, tana buɗe shafuka da kanta, data na ƙarewa ba gaira ba dalili, sai a ce bairos ya kama ta, a kai ta wurin injiniya.

Tun kafin intanet ta game duniya manhajoji masu cutarwa suke yawo. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta Brain, wanda ake ɗauka shi ne bairos na farko da ya yaɗu a kwamfutoci samfurin IBM. Ta faifan fulofi yake bi daga wannan na'ura zuwa waccan, har ma sun rubuta adireshinsu da lambar wayarsu a cikinsa. Wannan hanya ta hannu da hannu ita ce daga baya ta fi ta'adi a ƙasar Hausa. Talla kuwa sai a shekarun 1990 ta shigo. A Oktoban 1994 shafin HotWired na Amurka ya fara sayar da gurbin allon talla, kamfanin AT&T na cikin masu saye na farko. Bayan 'yan shekaru Ethan Zuckerman, wanda ke aiki a kamfanin Tripod, ya rubuta dabarar ƙaramar tagar nan mai faɗowa a gaban mai karatu ɗauke da talla. A 2014 ya fito fili ya nemi afuwar jama'a a kan abin da ya ƙirƙira.

Da aka gane cewa idon mai kallon kwamfuta abin sayarwa ne, sai wasu suka ga babu dalilin jiran mutum ya zo shafinsu, gara su tare a cikin na'urarsa. A 1999 Gator ta bayyana, manhaja ce ta kyauta da ke adana wa mutum kalmar sirri tana cike masa fom, a ɓoye kuma tana lura da inda yake shiga tana jefo masa talla. Kazaa, wadda ta fito a 2001 matasa suka rungume ta don musayar waƙoƙi, da manhajojin talla take tafe a goye. Banza ba ta kai zomo kasuwa: wanda ya ba da manhaja kyauta yana da inda zai fanshe, kuma a jikin mai amfani da ita yake fanshewa.

Masu magani ma ba su daɗe ba suka taso. Kamfanin Lavasoft ya fito da Ad-Aware a 1999, Steve Gibson ya fito da OptOut a 2000, wani Bajamushe mai suna Patrick Kolla kuma ya fara Spybot a shekarar. A Disambar 2004 Microsoft ya sayi kamfanin GIANT, ya mayar da manhajarsa abin da aka sani da Windows Defender daga 2006. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sa kamfanin Zango biyan dala miliyan 3 a 2006 saboda dasa manhajar talla ba da cikakken sanin mutane ba. Sai dai masu wannan harka kamfanoni ne masu rajista da lauyoyi. A 2003 Gator ya maka wani shafi a kotu don ya kira manhajarsa ta leƙen asiri, a shekarar kuma ya sauya suna zuwa Claria. Tsoron shari'a ya sa masu manhajar rigakafi suka riƙa sassauta harshe, suna ajiye irin waɗannan a rukunin manhajojin da mai yiwuwa ba a so, wasu ma ba sa taɓa su sai mai kwamfuta ya ba da umarni. Wannan sassaucin ya yi wa jama'a illa ta tsawon shekaru, domin mutum zai ga rigakafinsa na cewa lafiya lau alhali talla ta hana shi sakat.

Yadda kwamfuta ta iso gabashin Sakkwato

Yankin da ake magana a kansa ya daɗe da sanin darajar rubutu. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, a can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake. Rabah ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. Goronyo kuwa an fi saninta da madatsar ruwan Gulbin Rima da aka kammala a 1984, wadda ke shayar da fadamun shinkafa da albasa da tafarnuwa. Kafin kwamfuta, mai son takardar koke ko yarjejeniyar sayen gona wurin mai tafireta yake zuwa, a bakin kotu ko kusa da sakatariyar ƙaramar hukuma. Daga ƙarshen shekarun 1990 shagunan buga takardu da kwamfuta suka fara maye gurbin tafireta a cikin birnin Sakkwato, musamman inda ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ke kai aikinsu. A hankali sana'ar ta gangara hedikwatocin ƙananan hukumomi. Zuwan wayar salula a Agustan 2001, lokacin da Econet da MTN suka fara aiki, shi ya buɗe ƙofar sauran sana'o'in da suka biyo baya: mai caji, mai sayar da kati, mai gyaran waya, mai tura waƙoƙi.

Abu biyu game da waɗannan kwamfutocin su suka tsara duk abin da ya faru bayan nan. Na farko, galibinsu na hannu ne, an gama amfani da su a Turai ko Amurka, suka sauka Legas, suka bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Kano kafin su iso. Na biyu, Windows da Office da CorelDraw da ke kansu kusan duk kwafi ne daga faifan da ake sayarwa a kasuwa. Ƙungiyar BSA ta kamfanonin manhaja ta ƙiyasta cewa a 2017 kashi 80 cikin 100 na manhajojin da ke kan kwamfutocin Najeriya ba su da lasisi. Ba a kan son zuciya kawai abin ya ginu ba, domin kuɗin lasisin na iya zarce kuɗin ita kanta tsohuwar kwamfutar. Amma sakamakon ɗaya ne: manhajar da aka fasa kullenta ba wanda ya san abin da mai fasawar ya cusa a ciki, kuma mai ita kan kashe sabuntawa don gudun kada kamfani ya gane.

Zamanin filash

A Amurka da Turai ta intanet manhajar banza ke shiga gida. A nan kuwa intanet ta yi ƙaranci da tsada, don haka filash da memori suka zama abin hawanta. Windows na wancan lokaci yana da wata ɗabi'a: da zarar an soka filash sai ya duba ko akwai ɗan fayil mai suna autorun.inf, in ya samu, da an danna don buɗe filash ɗin sai ya aiwatar da umarnin da ke ciki. Tsutsar Conficker, wato bairos mai yaɗa kansa, da ta ɓulla a ƙarshen 2008 ta mori wannan ƙofa, ita da wasu da dama. Microsoft ya toshe ta a Windows 7 a 2009, a Fabrairun 2011 kuma ya tura gyaran ga XP da Vista, amma gyaran ta intanet yake zuwa, kwamfutar da ba ta hawa intanet ba ta san an yi ba.

Bayan nan sai aka shiga zamanin abin da kowane mai buga takardu ya sani da bairos ɗin shotkot. Iyalan Gamarue, da aka fara gani a 2011, da Jenxcus na wajen 2013, suna cikin masu wannan aika-aika. Ɗalibi zai zo da filash ɗauke da kundin kammala karatunsa, a soka a kwamfutar shago, ya koma gida ya buɗe ya tarar kowace folda ta zama hoton folda mai ɗan kibiya a gindinta. Hankalinsa ya tashi, yana ganin aikin wata shida ya salwanta. A gaskiya ba abin da ya ɓace. Tsutsar ta ɓoye fayilolin ne ta ajiye na bogi a madadinsu, duk wanda ya danna na bogin sai ta fara dasa kanta a kwamfutarsa sannan ta buɗe masa abin da yake nema, don kada ya yi zargi. Mai gyaran da ya san aikinsa sai ya buɗe baƙar tagar umarni, ya shiga harafin filash ɗin, ya rubuta attrib -h -r -s /s /d, cikin ɗan lokaci fayilolin su dawo fili, ya goge na bogin da fayil ɗin tsutsar. Wanda bai sani ba kuwa sai ya yi wa filash ɗin fomat, aikin ɗalibin ya tafi da gaske.

A wannan zamanin ne Smadav, wata ƙaramar manhaja daga Indonesiya mai koren tambari, ta samu karɓuwa a shagunan Najeriya. Ba ta fi manyan manhajojin rigakafi ƙarfi ba, amma ba ta da nauyi, an gina ta ne musamman don filash, kuma ana iya kwafe ta daga hannu zuwa hannu. Manyan kuwa, irin su Avast da AVG da Kaspersky, ƙarfinsu yana ga jerin sunayen cututtuka da ake sabunta musu kullum. Rigakafin da ya shekara bai sha intanet ba yana nan a kusurwar allo, mai shago yana ganinsa yana samun natsuwa, alhali bai san ko ɗaya daga cikin cututtukan bana ba.

Ta hannun masu tura waƙoƙi da fina-finai ne lamarin ya kai ƙauye. A ƙauyuka irin su Lahodu ta ƙasar Wurno kwamfuta ba ta da yawa, amma waya mai cin memori tana kusan kowane gida. Ranar kasuwa, a Achida ko Goronyo, matashi zai kafa laftof a rumfa, ga ɗan janareta ko faifan sola a gefe, jama'a na miƙo memori: wannan karatun Alƙur'ani da wa'azi yake so, wancan waƙoƙin Narambaɗa da Ɗan Anace, wani fina-finan Kano ko fassarar Indiya. Memori na fita wani na shiga har la'asar. Tsutsar Windows ba ta aiki a kan ƙaramar waya, don haka mai memorin ba ya ganin komai, sai dai ya zama ɗan aike. Mako mai zuwa ya kai wa wani mai turawa a wata kasuwa, ko ya ba malamin makaranta ya kwafi wani abu, cutar ta samu sabon gida. Laftof guda a kasuwa tana iya haɗa garuruwan da babu layin intanet tsakaninsu.

Zamanin modem

An ba da lasisin 3G a Najeriya a 2007, a 2010 kuma wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki, farashin data ya soma sauka. Ƙaramin modem mai kama da filash ya shiga hannun malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi da masu shaguna. A nan ne manhajar talla ta ainihi ta iso. Mai neman manhajar kallon bidiyo ko ta buɗe takardun PDF zai faɗa shafi mai maɓallan saukewa uku ko huɗu, ɗaya ne kawai na gaskiya. Ko ya dace da na gaskiyar, yayin girkawa akwai ƙananan akwatuna da aka riga aka yi wa alamar amincewa, bayaninsu da Turanci cikin ƙananan haruffa, shi kuwa yana ta danna gaba don ya gama. Haka sandunan bincike irin su Ask da Babylon da Conduit suka yi ta jeruwa a saman burauza har wurin karatu ya ƙanƙance. Ask ma a lokacin tare da Java take zuwa, manhajar babban kamfani da ba wanda zai zarga.

Bayan fage kasuwa ce tsararriya. Wani bincike da Google da Jami'ar New York suka fitar a 2016 ya nuna cewa ana biyan dillalai daga senti 10 zuwa dala 1.50 a kan kowace kwamfutar da suka dasa wa manhaja, gwargwadon ƙasar da take, kuma Google na fitar da gargaɗi fiye da miliyan 60 a mako a kan irin waɗannan manhajoji, ninki uku na gargaɗin da yake yi a kan bairos. Kwamfutar talaka a Afirka ba ta da tsada a wannan kasuwa, amma shi ne ya fi jin jiki. Wanda ke biyan intanet na wata ba iyaka, talla ɓacin rai kawai take jawo masa. Wanda ke sayen data da awo, yana cajin laftof da man janareta, kuɗinsa take ci kai tsaye. Aikinta irin na ƙuduji ne a gonar gero: a ƙarƙashin ƙasa yake kama saiwa yana tsotsa, kafin manomi ya ga furensa amfanin ya riga ya ƙanjame.

A daidai wannan lokacin kuma hukumomi suka mayar da harkokinsu intanet. JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole a 2015. Rajistar N-Power ta 2016 ta intanet aka yi ta. Duba sakamakon WAEC da NECO, neman gurbin karatu, neman aikin soja ko ɗan sanda, duk sai an je kafe. Matashi daga Gandi ko Lahodu zai zauna gaban kwamfutar da bai san abin da ke cikinta ba, ya shigar da sunansa da ranar haihuwarsa da lambar wayarsa da kalmar sirrin imel ɗinsa. Tsabtar kwamfutar shago ta tashi daga matsalar mai shago ta zama amanar jama'a.

Fomat da abin da ya fi fomat

Masu gyaran kwamfuta a wannan yanki mafi yawansu a shago suka koya, yaro ya zauna wurin maigidansa yana kallo har hannunsa ya faɗa. Maganin da ya fi yaɗuwa a tsakaninsu shi ne fomat: a share komai a sake ɗora Windows. Dalilin a bayyane yake. Fomat ba ya buƙatar intanet, ba ya buƙatar a gano ainihin cutar, ana gamawa cikin awa ɗaya ko biyu kafin a kashe inji, kuma mai kwamfuta yana ganin sauyi nan take. Amma yana da aibi biyu manya. Sau da yawa ba a kwashe takardun mai ita kafin a share, hotunan iyali da lissafin shago da sakamakon ɗalibai su tafi. Sannan faifan ko filash ɗin da ake sake ɗora manhajojin da shi, da 'yar manhajar da ke fasa kullen Windows, su ne sau da yawa ke ɗauke da cutar. Kamfanonin tsaro sun sha samun manhajar satar bayanai a cikin jabun KMSPico, wadda aka fi amfani da ita wajen wannan fasawar. Mai kwamfuta ya biya kuɗi, ya rasa takardunsa, bayan wata guda ya dawo da kukan da ya zo da shi.

Gyara na haƙiƙa ya fi cin lokaci, kuma a nan ake gane gwani. Yakan fara da tambaya: yaushe abin ya soma, me aka girka a ranakun? Sai ya kwashe muhimman takardu zuwa wani wuri. Ya buɗe jerin manhajojin da ke kan kwamfutar ya jera su bisa ranar girkawa, domin manhajojin banza a ayari suke zuwa, za a ga uku ko biyar masu baƙin suna duk rana ɗaya. Ya cire su ɗaya bayan ɗaya, yana karanta kowace taga, saboda wasu kan juya tambayar yadda mai gaggawa zai danna abin da zai bar su. Daga nan ya shiga burauza ya cire ƙarin da aka liƙa mata, ya mayar da shafin farko da injin bincike yadda suke. Ya duba hoton burauzar da ke kan allo, don akan maƙala adireshin shafin talla a ƙarshen umarninsa, ta yadda ko an share komai da an danna sai shafin ya buɗe. Ya duba abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta da ayyukan da aka tsara su riƙa gudana da kansu, inda manhajar kan ɓoye abin da zai sake sauko da ita. Wadda ta ƙi fita sai a tayar da kwamfutar a yanayin kariya, inda Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kawai, a cire ta a can. A ƙarshe ya bi da manhajar bincike irin Malwarebytes, ko AdwCleaner da kamfanin ya saya a 2016, bayan ya sabunta ta. Fomat yana da ranarsa, musamman idan bairos mai shiga cikin kowane fayil na manhaja ne irin Sality ko Ramnit, amma shi ne matakin ƙarshe, kuma da faifai mai tsabta.

Daga masana'anta, da kuma cikin waya

A Fabrairun 2015 aka gano cewa kamfanin Lenovo ya sayar da laftof da manhajar talla mai suna Superfish a cikinsu tun daga masana'anta, kuma yadda take aiki yana raunana tsaron shafukan banki da na imel. A 2017 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 3.5 ga jihohin Amurka 32. A shekarar ne kuma kamfanin tsaro na Check Point ya ba da rahoton Fireball, ya ce ta kama kwamfutoci miliyan 250, ko da yake Microsoft ya ce adadin bai kai haka ba. Wanda ya fi kusa da gida shi ne rahoton Agustan 2020 na sashen Secure-D na kamfanin Upstream, wanda ya samu manhajar Triada a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 a ƙasashen da suka haɗa da Habasha da Ghana da Kamaru da Masar da Afirka ta Kudu. Triada kan sauko da wata mai suna xHelper, wadda ke yi wa mutum rajistar ayyukan biya a ɓoye tana cinye masa kati da data. Kamfanin Transsion mai Tecno ya ɗora laifin a kan wani ɗan kwangila a layin samar da kayan, ya ce ya fitar da gyara. Irin wannan ko an mayar da waya yadda ta fito daga kamfani ba ta fita, tunda da ita ta fito.

Yau yawancin mutanen Wurno da Rabah da Goronyo waya ce kwamfutarsu, matsalar kuma ta bi su can. Manhajar tocila ko ta gyaran hoto da aka karɓa ta Xender, wadda ba ta bi ta Play Store ba, tana iya cika allo da talla ko waya na aljihu. Saƙonnin WhatsApp masu alƙawarin data kyauta ko tallafin gwamnati kan kai mutum shafin da zai nemi izinin turo sanarwa, damar da Chrome ya buɗe wa shafuka tun 2015, da ya amince sai sanarwar ƙarya ta yi ta sauka cewa wayarsa ta kamu. Maganin wannan ba ya wuce shiga saitin burauza a janye izinin, amma da yawa sukan biya kuɗin filashin, wato sake ɗora wa waya manhajarta, a kansa. Saƙonnin talla na kamfanonin layi kuwa hukumar NCC ta samar musu lambar 2442 a 2016, wadda ake tura wa STOP don a dakatar da su.

Rashin tsaro ma ya shiga cikin labarin. A Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, Rabah da Goronyo na ciki. Duk lokacin da sabis ya yanke ko ya yi rauni, na'urori ba sa samun sabuntawa, jama'a kuma sukan koma ga memori da turawa hannu da hannu, wato hanyar da cutar ta fi sabawa da ita.

Su kansu masu maganin ba duka ne abin yarda ba. A 2017 masu kutse suka gurɓata CCleaner, mutane fiye da miliyan 2 suka sauke gurɓataccen. A 2024 hukumar cinikayya ta Amurka ta ci Avast tarar dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi ke shiga. Manhajojin waya masu iƙirarin sanyaya batir da ƙara sauri kuwa da yawansu su ne manhajar tallar. Kwamfuta mai Windows 10 ko 11 tana da Defender a cikinta, wanda tun Agustan 2021 yake toshe manhajojin da ba a so ba tare da an kunna masa ba, kuma ga mai amfani na yau da kullum ya wadatar muddin yana samun sabuntawa.

Sabuntawar ce ke neman gagara. Microsoft ya daina kula da XP a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 yana buƙatar kayan ciki da yawancin tsofaffin kwamfutoci ba su da su, kuma irin waɗannan ne ofisoshin Turai ke zubarwa, su ne za su cika kasuwannin Ikeja da Kano da Sakkwato a shekaru masu zuwa. Akwai mafita ta halal kuma kyauta, irin su Linux Mint da LibreOffice, waɗanda ke tafiya a kan tsohuwar na'ura ba tare da fasa kulle ba, amma sai an koya wa masu gyara su. Wannan aiki ne da ya dace da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ƙungiyoyin masu gyaran waya da kwamfuta: gajeren horo da Hausa, a kai shi har Wurno da Rabah da Goronyo, ga yaran shago da masu tura fina-finai da masu kafe. Kafin a kai ga haka, duk wanda zai miƙa kwamfutarsa ga mai gyara ya fara kwashe takardunsa, kuma kada ya yarda a yi mata fomat sai an faɗa masa abin da ke damunta.